Alkawarin Lamba Bakwai

Ƙarfe huɗu da minti goma na yammacin Asabar Baba ya ƙwala mata kira, kuma tun daga yadda ya ja sunan ta san ba lafiya ba. Tsohon hedimasta ne, kiransa iri biyu ne: akwai na "kawo min ruwa", akwai na "fito gaban allo". Wannan na biyun ne.

Auta ta ɗage ƙafa daga keken ɗinki, ta ja mayafi, ta nufi falo.

Ba ta kai ga labule ba ta ji muryar. Muryar da ko a tsakiyar kasuwa aka jefa ta za ta tsince ta.

Ga shi nan ya cika fuskar talabijin. Dogo, mai aikin wayarin lantarki, wanda ya shekara biyu yana sintiri a kan aurenta. Yana sanye da shuɗiyar rigar da ta ɗinka masa da hannunta, an maƙala masa lamba bakwai a ƙirji, ya lumshe ido yana rera waƙa, 'yan kallo suna ta kaɗa hannu. A kusurwar sama kuma ga wani jan rubutu yana ƙiftawa.

Gefen Baba, Mai Kemis ne zaune da abin awon jini a cinya, ya sunkuyar da kai kamar wanda ya zo ta'aziyya. Shekara guda ke nan yana kawo wa Baba maganin hawan jini har gida, kuma ba ladan Allah kaɗai yake nema ba. Sau biyu ya aiko yana son Auta, sau biyu ta mayar da saƙon cikin ladabi.

"Karanta min abin da aka rubuta da ja," in ji Baba.

Ta durƙusa a bakin kujera. "Kai tsaye, Baba."

"Ma'anarsa?"

Ta sunkuyar da kai.

"Ran Lahadi, yau kwana shida, yaron nan ya durƙusa a nan inda kike. Ya ce ya bar waƙa, ya janye daga gasar, ƙafarsa ba za ta ƙara taka dandamali ba. Na ce in haka ne na ba shi ke. An yi haka ko ba a yi ba?"

"An yi, Baba. Amma wallahi wannan ba yau ba ne, naɗaɗɗe ne. Zauren haya suke yi, shi ya sa a rana ɗaya suke ɗaukar shirin mako uku. A yi na farko, a ce kowa ya canza riga, 'yan kallo ma a sa su canza kujeru, a yi na biyu, a yi na uku. Ni na ɗinka masa rigunan, fara da baƙa da wannan shuɗiyar. Yau mako uku ke nan da ɗauka."

"To jan rubutun fa?"

"Haka suke sawa don mutane su zauna su kalla."

Baba ya gyaɗa kai a hankali, irin gyaɗawar da ɗalibansa suka fi tsoro a kan bulala.

"Wato gidan talabijin guda, da manajansa da injiniyoyinsa, duk maƙaryata ne. Mai wayarin naki shi ne mai gaskiya."

Mai Kemis ya yi gyaran murya. "Ni da na sani ban kunna ba, Baba. Labarai na ce bari in nemo maka kafin in auna ka, sai hannuna ya faɗa kan tashar."

Tasha arba'in ce a akwatin nan, amma hannun bawan Allah bai faɗa ko'ina ba sai nan. Auta ta dube shi sau ɗaya ta kawar da kai.

"Ba zan yi miki dole ba," Baba ya ce. "Ki zauna ba aure har ki yi furfura in kin ga dama, ɗakinki na nan. Amma yaron nan, in dai da yawuna ne, babu. Mawaƙi ma na ƙi, balle mawaƙi mai baki biyu. Tashi ki ba ni wuri."

Da ƙyar ta ga hanyar ɗaki saboda hawaye.

Laifin kuwa nata ne, ta sani. Tun ran Lahadi Dogo ya ce su gaya wa Baba akwai sauran shiri ɗaya da ba a nuna ba, ita ta hana. Ta ce kada a tayar da zaune tsaye, Baba ba ya kallon komai sai labarai, ƙarfe huɗu kuma barci yake yi. Ta manta cewa Asabar ce ranar awon jini.

Yaya na zaune a bakin gado tana ninke kayan 'ya'yanta. Ta ji komai, don bangon gidan ba ya riƙe sirri. Auta ta zube a ƙafafunta.

"Yaya, ki taimake ni. Ke kaɗai Baba ke saurara. Wallahi bai karya alkawari ba."

"Na yarda bai karya ba."

"To ki je ki gaya masa."

"Ba zan je ba." Yaya ta ajiye rigar hannunta. "Ki yi kukanki yau, Auta. Na yau mai sauƙi ne, ya fi ki yi irin nawa."

"Ba ɗaya suke da baban yaranki ba."

"Haka na ce da aka kwatanta min shi da wani. Shi ma a falon nan ya durƙusa. Ya sayar da jitarsa, ya buɗe shagon kayan masarufi, Baba ya sa mana albarka. Kina tsammanin tafiyarsa da 'yan kiɗa ce ta karya ni? Zamansa ne ya karya ni. Shekara biyu ina kwana da mutumin da bai taɓa ɗaga min murya ba, bai kuma taɓa yin dariya har ta kai idonsa ba. In rediyon maƙwabta ya saki kiɗa, sai ya tashi ya rufe taga. Ranar da ya tafi, Allah ya gafarta min, har da ajiyar zuciya na yi."

Ta share ido da bayan hannu, ta ɗauki wata rigar.

"Mai Kemis ba shi da abin da zai bari dominki. Ba zai wayi gari yana kallonki kamar ke ce kwaɗon ƙofarsa ba."

"Ba na son sa, Yaya."

"So ba ya sayo magani da safe, ba ya kai yara makaranta."

"Ni dai shi nake so. Kwana uku ina kuka a gabansa kafin ya yarda ya bari. Ya je ya sa hannu ya janye, abokansa suka ƙaurace masa, duk saboda ni. Yanzu in bari a kira shi maƙaryaci a kan abin da ni na jawo? In Baba ya rantse, kin san ba ya warwarewa. Ni kuma ba zan fita gidan nan ba albarkarsa ba. Tun da Mama ta rasu, shi ne uwa shi ne uba. Ina zan sa kaina?"

Daga falo aka jiyo tafi, sai muryar mai gabatarwa tana cewa kada kowa ya tashi, akwai zagaye na biyu, inda kowane ɗan gasa zai rera waƙar da shi ya ƙirƙira da kansa.

Auta ta ɗago kai. Ta dubi agogon wayarta: huɗu da ashirin da biyu. Shirin sai biyar yake ƙarewa, lamba bakwai kuma shi ne na ƙarshe a layi.

Mutum ɗaya ba ya zama a wuri biyu.

Ta danna lambar Dogo, sai a kira na huɗu ya ɗauka. Tana jin ƙarar guduma a bayansa.

"Ina saman tsani, Auta. Lafiya?"

"Baba ya gan ka. Yana kallo yanzu haka, ya ce ka karya alkawari, ya ce an fasa."

Har gudumar ta ji kamar ta yi nisa, ta ci gaba.

"Ka sauko ka hau babur ka zo. In ya gan ka a gabansa, ga ka kuma a talabijin an rubuta kai tsaye, magana ta ƙare. Gani ya kori ji."

"Ki bari a gama shirin, sai in zo in yi masa bayani."

"In an gama me za ka nuna masa? Bakinka? Bakin ne ya ce bai yarda da shi ba."

"Auta, ba ki ga zagaye na biyun nan ba. Ranar da aka ɗauka kin riga kin tafi gida. Akwai abin da na faɗa..."

"Ko me ka faɗa, ka zo. Dogo, don girman Allah ka zo. Ban taɓa roƙonka abin da ya fi wannan ba."

Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Kin taɓa."

Kafin ta ce wani abu ya ƙara da cewa, "Ga ni nan," ya kashe.

Ta koma falo ta sake durƙusawa. Mai Kemis ya riga ya naɗa wa Baba abin awo a dantse, rimot kuma na hannun Baba.

"Baba, alfarma ɗaya nake nema. Kada a kashe talabijin ɗin nan sai ƙarfe biyar. Dogo yana hanya. In aka kira lamba bakwai a can bai shigo nan ba, na yi maka alkawari ba za ka ƙara jin sunansa a bakina ba."

"Baba, jininka ya hau," in ji Mai Kemis, yana duba allurar awon. "Hayaniyar nan ba ta dace da kai ba. Da an kashe."

Baba ya dubi 'yarsa. Shekara talatin ya yi yana koyarwa, bai taɓa hana ɗalibi ƙarasa lissafinsa a allo ba, ko da tun layin farko ya ga ya ɓata. Ya ajiye rimot a hannun kujera.

"Ƙarfe biyar."

Haka suka zauna su uku suna kallon gasar waƙa, kowa da abin da yake roƙon Allah.

Lamba biyu ce ta fara, wata ƙatuwar mata mai dafa abinci a asibiti. Muryarta sai da ta sa gilashin taga ya girgiza. Waƙar uwa ta yi, ta ja ta, ta ƙara ja. Auta ba ta taɓa ƙaunar doguwar waƙa kamar yau ba, ji take kamar ta shiga akwatin ta ce mata ta ƙara baiti goma.

Alƙalai uku ne. Akwai mai sanƙo da harshensa ya fi aska, akwai wata mai saurin kuka da kullum hankici na hannunta, sai wani tsohon makaɗi da ba ya cewa komai in ba "da kyau" ba. Suka yaba wa lamba biyu, ta sauka. Huɗu da talatin da ɗaya.

Lamba huɗu ɗalibi ne mai gyaran gashi na zamani. Ya shigo da tsalle, ya yi baitin farko lafiya, a na biyu waƙar da shi ya rubuta ta gudu ta bar shi. Ya tsaya yana murmushi, kiɗa na tafiya, shi yana tsaye.

"Ɗana, haƙoranka sun ci gasar, saura kai," in ji mai sanƙo.

'Yan kallo suka kwashe da dariya. Auta kuwa kuka ne ya taso mata, don mantuwar yaron ta cinye mata minti biyu da take ƙirgawa a kansu.

Kowane babur da ya wuce a titi sai ta miƙa wuya. Wani ya rage gudu a ƙofar gida, sai ta ji mai kawo wa maƙwabta gas ne.

Lamba biyar ta fito, siririyar yarinya mai murya kamar sarewa. Auta ba ta ji ko kalma ɗaya daga waƙarta ba. Agogon bango take kallo, wanda aka ba Baba kyauta ranar da ya yi ritaya, kuma yau ta gane ashe gudu yake yi.

"Ni ba don komai ba," Mai Kemis ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "tausayinki nake ji. Mutum in yana kan dandamali ai ba ya..."

"Malam, don Allah ka ƙyale ni."

Huɗu da arba'in da shida aka tafi talla. Aka tallata sabulu, aka tallata katifa. Baba ya kai hannu ya gyara zaman rimot.

Sai ga sallama a bakin ƙofa.

Dogo ya shigo da haki. Ƙurar siminti ta yi masa fari har gira, filaya da tesita sun leƙo daga aljihun rigar aikinsa, gwiwar wandonsa ɗaya ta yage tana ɗan jini, da alama sai da babur ya kayar da shi a hanya. Ya cire takalmi, ya durƙusa nesa da kujerar Baba.

"Barka da yamma, Baba."

A daidai lokacin tallar ta ƙare, mai gabatarwa ta ɗaga murya ta kira lamba bakwai. Dogo mai shuɗiyar riga ya fito cikin fitilu yana ɗaga hannu, jan rubutun na nan yana ƙiftawa a samansa.

Baba ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya dubi na talabijin, ya dubi na ƙasa, ya sake duban na talabijin.

"Ikon Allah," ya ce. "Ashe har rubutu ma ya koyi ƙarya."

Mai Kemis ya fara kwance abin awo daga dantsen Baba. Auta ta kifa kai a gwiwa tana hamdala. Daɗi ne ya rufe ta har ta ji jiri. A bakin labule Yaya ta zo ta tsaya.

Ya kamata a kashe talabijin a nan. Dogo ma sai da ya dubi rimot ɗin da ido mai roƙo. Amma kiɗa ya riga ya fara, Baba kuma ya ce ƙarfe biyar.

Ba ta taɓa jin waƙar ba. A hankali ya ɗauko ta, kamar mai yi wa mutum ɗaya magana:

"Na ba gidan kowa haske,
Na koma nawa ina lalube.
Mai keken ɗinki, rana ta yage,
Ɗinke min ita kafin duhu ya shige."

Zauren can ya yi tsit, falon nan ma ya yi tsit. Da ya kai amshi ya saki muryar gaba ɗaya, ta hau, ta ƙara hawa, ba ta fashe ba. Mai saurin kuka ta nemi hankicinta. Tsohon makaɗi ya miƙe tsaye. Auta ta ji tsikar jikinta ta tashi. Ta san yana da murya, amma ba ta san haka take ba in ta sami fili.

Ta juyo don ta yi masa murmushi, sai murmushin ya maƙale.

Dogo na ƙasa bai san tana kallonsa ba. Idonsa na kan talabijin, leɓɓansa na bin waƙar ba sauti, yatsunsa na buga kiɗan a kan yagaggiyar gwiwarsa, bai ma ji ciwon ba. Hawaye ya tsaga ƙurar fuskarsa ya sauko har haɓa. Kallon da yake yi wa mai shuɗiyar rigar nan, kallon da ake yi wa hoton mamaci ne.

Aka gama, zauren ya ɗauki tafi. Mai sanƙo ya ce yau an ƙwace masa aiki, ba shi da gyara. Sai mai hankici ta jawo abin magana.

"Wannan mai keken ɗinki, in ta ce ka zaɓa, ita ko waƙa, yaya ke nan?"

Dogo na talabijin ya yi dariya, dariyar mutumin da bai san gobe ba.

"Ba za ta ce ba, Hajiya. Ta san ni. Ranar da kuka ji na bar waƙa, addu'a kawai za ku yi min, don gawa ce ke yawo da filaya a aljihu."

'Yan kallo suka yi shewa. Mai gabatarwa ta sanar cewa lamba bakwai ne kan gaba, ya haye zagayen ƙarshe da za a yi Asabar mai zuwa ƙarfe huɗu. Wannan kam Auta ta san da gaske kai tsaye za a yi shi, kuma shi ne wanda Dogo ya janye daga ciki.

Baba ya danna rimot, hoton ya ɗauke.

"Baba, kafin alkawari ne na faɗi haka," Dogo ya ce, kansa a ƙasa. "Zancen dandamali ne."

"Na sani. Na iya lissafin kwanaki." Baba ya jingina. "Wancan na akwatin bai san zan ji shi ba, kai kuma ka san ina jin ka. Da za a ba ni zaɓi, na san wanda zan yarda da shi. Amma ni ba na magana biyu. Ka ce za ka bari, ka bari, na gani da idona, na kuma zarge ka a kan abin da ba ka yi ba, ka yafe min. Ka cika naka, zan cika nawa. Ka turo iyayenka Asabar mai zuwa, ƙarfe huɗu, kai ma ka biyo su."

Ƙarfe huɗu. Kowa a falon ya gane, Baba ma ya san sun gane.

"Na gode, Baba. Allah ya ƙara girma."

Mai Kemis ya tattara kayansa a jaka, ya yi sallamar da ba wanda ya amsa, ya nufi bakin ƙofa inda takalmansa suke.

Abin da ta shekara biyu tana roƙo ke nan, yau an sa mata a tafin hannu. Ta jira daɗin ɗazu ya dawo, bai dawo ba. "Ba za ta ce ba, ta san ni." Mako biyu bayan ya faɗi haka a gaban duniya, ita ce ta zauna a benci bayan shagonsa tana kuka har ya ce ya bari.

Ba a saba ba a gidan, 'ya ta yi wa saurayi magana a gaban uba. Ta yi.

"Dogo, ka gaya min gaskiya. Kwana shidan nan ka yi waƙa? Ko kai kaɗai, ko a saman tsani?"

"Ko sau ɗaya."

"Da ta taso maka fa?"

"Sai in sa ƙusa a baki in ci gaba da aiki." Ya yi ƙoƙarin murmushi. "Zan saba, Auta. Mutum na sabawa da komai."

Kukan da take riƙewa ya ƙwace.

"Ba na so ka saba. Na ɗauka riga ce na ce ka cire, ashe fata ce. Na zauna a nan ina kallonka kana kallon kanka. Wallahi ina son ka, Allah ya sani ban taɓa son wani haka ba, kuma ban san yadda zan wayi gari gobe ba. Amma wanda nake so, shi ne wanda aka kashe yanzu da rimot. Ba zan iya zama ina zuba maka abinci kullum ina sane da abin da na yi maka ba."

Ta juya ga mahaifinta, ta dafa ƙasa da hannu biyu.

"Baba, ni na sa shi ya yi alkawarin nan. Ina roƙo ka sake shi."

"Ki san abin da kike faɗa," Baba ya ce, muryarsa ta yi taushi fiye da yadda ta taɓa ji. "Sakinsa ba wuya. Amma maganata ta farko tana nan. Ranar da ya taka dandamali, babu aure."

"Na sani."

"Auta," Yaya ta kira daga labule, ba ta ƙarasa ba.

Auta ta share fuska da gefen mayafi. A can ƙasan zuciyarta addu'a ɗaya take yi: ya Allah ka sa ya ƙi, ka sa ya ji haushina, ka sa ya ce ba ya so. Ta dube shi ido cikin ido.

"Ka koma ka ce musu ka fasa janyewa. Ba za su ƙi wanda ke kan gaba ba. Ka je Asabar ka yi waƙarka."

"A'a," in ji Dogo. "Wallahi a'a, Auta. Ke na zaɓa, ba inda zan je."

Ya faɗa da ƙarfi, ya faɗa da hawaye, kuma ta san har ransa yake nufi. Amma ta riga ta gani. Kafin a'ar ta fito, na ƙiftawar ido ɗaya, fuskarsa ta haskaka gaba ɗaya, hasken da ba ta gani ba tun ran Lahadi. Ya yi maza ya ɓoye shi, sai dai ya makara. Ta dubi Baba, ta tarar shi ma ya gani.

A bakin ƙofa, Mai Kemis da ya riga ya sa takalmi ɗaya ya sunkuya ya cire shi a hankali, ya dawo ya zauna.